Yarana sun hardace dokokin rabawa, amma sun ce 23 tana rabuwa da 3

Malamar Aji Biyar, Rigasa:
Assalamu alaikum malamai da iyayen da ke wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis. Mako biyu na yi ina koya wa yarana yadda ake gane lambar da za ta rabu ba saura, ba tare da an zauna an yi doguwar rabawa ba. Ta 2, ta 5 da ta 10 sun shiga nan da nan: a duba lambar ƙarshe kawai. Da muka zo ta 3 na ce a haɗa lambobin da ke ciki, in abin da aka samu ya rabu da 3, to ita ma za ta rabu. Suka rera, suka maimaita, har ajin da ke kusa da mu ana jiyo su. Na ba su gwaji. Fiye da rabin ajin sun ce 23 tana rabuwa da 3, 16 ma haka, 29 ma haka, amma 51 ba ta rabuwa. Yara 84 gare ni, ba yadda zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina na kuskure?

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki kuskure ba, haddar ce ba ta nuna ba. Mako biyu ya yi kaɗan. A zamaninmu kowace safiya kafin a buɗe littafi sai an rera jadawalin sau daga 2 har 12. Yaron da ya san 3 sau 7 ashirin da ɗaya, 3 sau 8 ashirin da huɗu, ba zai taɓa ce miki 23 tana rabuwa da 3 ba. Ki koma kan jadawalin, minti goma kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Malamin Lissafi, Kawo:
Baba, ranka ya daɗe, ina tare da kai a kan jadawali, amma a duba amsoshin yaran da kyau. 23, 16, 29. Ƙarshensu 3, 6, 9. Waɗannan yara ba cinta suka yi ba, doka suka bi. An koya musu doka uku a jere, duk ukun suna cewa a duba wutsiya, ta huɗu ta zo sai suka duba wutsiya. Laifinsu ɗaya, ba wanda ya gaya musu dalilin da ya sa wutsiya take aiki a 2 da 5 amma ba ta aiki a 3. Ni a ƙaramar sakandare nake, kuma kowace shekara ina karɓar 'yan aji ɗaya da wannan ciwon. Sun iya rera dokar tsaf, amma ba su san inda za su ajiye ta ba.

Malama, ki samo tsintsiya biyu ko uku, ki kwance. A ɗaure tsinke goma-goma da roba, sannan ɗauri goma a haɗa su dami ɗaya, ɗari ke nan. Ki fara da 2: ki tambaye su, ɗauri guda zai rabu tsakanin mutum biyu? Zai rabu, biyar-biyar. To ko ɗauri nawa ne za su rabu, dami ma haka. Abin da ya rage a duba shi ne tsinken da ba a ɗaure ba. Dalilin wutsiya ke nan, kuma shi ne dalilin ta 5 da ta 10.

Sai ki kira yara uku gaban allo ki ba su ɗauri ɗaya su raba. Uku-uku, saura ɗaya. Ki ba su dami, talatin da uku-uku, saura ɗaya. Nan ne gizo ke saƙar. Kowane ɗauri yana barin ɗaya, kowane dami yana barin ɗaya. In lambar 432 ce, dami huɗu sun bar tsinke 4, ɗauri uku sun bar 3, ga 2 da ke warwatse. Abin da ke hannun yaro yanzu 4 da 3 da 2, wato 9. In 9 ta rabu, komai ya rabu. Shi da kansa zai ga cewa haɗa lambobin ba sihiri ba ne, ragowa yake tattarawa.

Malamar Aji Biyar, Rigasa:
Malam, wallahi ni kaina yau na fara jin dalilin. Yadda aka ba ni dokar haka na miƙa ta. Amma yara 84 da tsinke ɗari huɗu da wani abu, ai darasin zai ƙare ana ɗauri.

Malamin Lissafi, Kawo:
Ba sai kowa ya riƙe ba. Dami ɗaya na gaske ya isa, a kwance shi sau ɗaya a gaban kowa. Sauran a zana a allo. Ɗaurin kuma ki ba su aikin gida, kowane yaro ya zo da ɗauri biyu, ba gidan da ba tsohuwar tsintsiya.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sanusi:
Allah ya saka da alheri. Zan ƙara wani abu da yaranmu suka riga suka sani tun kafin su shiga aji. Bayan sallar farilla ana tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 33, sannan a cika ɗari da kalmar tauhidi. Yaron da ya taɓa riƙe carbi ya san ɗari ita ce 99 da ɗaya, kuma ya san 99 ta kasu uku daidai, don da yatsunsa yake tsallake mararrabar. Abin da Malam na Kawo ya faɗa game da dami, ga shi nan a hannun kakar kowane yaro.

Malama daga Barnawa:
Misalin carbin ya yi kyau ƙwarai, Allah ya gafarta malam. Sai dai ajina a haɗe yake, Musulmi da Kirista, don haka nakan kawo shi tare da wani misalin da kowa zai kama. Ni da kuɗi nake yi. Naira 100 tsakanin mutum uku, kowa ya san rigimar da ake yi a kan canji. Naira 1,000 tsakanin mutum tara, kowa ya ɗauki 111, saura naira ɗaya. Yara ba sa mantawa da ragowar kuɗi.

Kuma ina roƙon Malamar Rigasa ta canza jerin. Kada ki jera 2, 5, 10 sannan ki kawo 3 a bayansu a mako guda. Ki bar 'yan wutsiya su zama gida ɗaya: 2, 5, 10, sai 4 da 25 masu duba lamba biyu na ƙarshe tunda ɗari tana rabuwa da su, sai 8 mai duba uku na ƙarshe tunda 1,000 ita ce 8 sau 125. Wannan duk tunani ɗaya ne. Gida na biyu 9 da 3, kuma ki fara da 9, don jadawalinta yana nuna abin ƙarara: 18, 27, 36, 45, kowacce a haɗa 9 ce.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, amma ina bibiya. Tawa matsalar 4 ce. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna ta ce 134 tana rabuwa da 4 saboda ta ƙare da 4. Na ce ta duba 34, sai ta ce ita jadawalinta bai taimaka mata ba in lambar ta kai irin su 76 ko 92. Me zan ce mata?

Malama daga Barnawa:
Hajiya, ki ce ta raba biyu, ta sake raba biyu. Rabin 76 shi ne 38, rabin 38 shi ne 19, ta wuce. Rabin 34 shi ne 17, mara ce, ba ta ƙara rabuwa biyu, ta faɗi. Yaran da suka saba wasan cika ko mara da tsakuwa ba sa wahala a nan. Sannan ki ba ta kalanda. Shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29 da dokar 4 ake gane ta: 2024 ta yi, 2028 za ta yi, 2026 kuwa ba ta cikinsu.

Ɗalibin Koyon Malanta:
Malama, a ƙara da cewa shekarun cikar ɗari suna da nasu sharaɗin, sai sun rabu da 400. Shi ya sa 2000 ta yi kwana 366, amma 1900 ba ta yi ba, 2100 ma ba za ta yi ba. Ina kuma da tambaya. A takardar darasin da nake shiryawa na rubuta cewa 6 tana buƙatar 2 da 3, sai na ɗora da cewa 12 tana buƙatar 2 da 6. Daidai ne?

Malamin Lissafi, Kawo:
Ƙanena, goge layin nan kafin mai duba ka ya gani. Gwada 18: tana rabuwa da 2, tana rabuwa da 6, ba ta rabuwa da 12. 30 ma haka. Abin da ya faru, 6 tana ɗauke da 2 a cikinta, don haka 2 ɗaya ka ƙirga sau biyu. Dole lambobin biyu su zama ba su haɗa komai ba, wato ba wata lamba, in ba 1 ba, da ta shiga duka biyun. Ta 12, 3 da 4 ce. Ta 15, 3 da 5. Ta 24, 3 da 8, ba 4 da 6 ba, shaida 36. Na ji daɗi da ka tambaya, don wannan kuskuren na sha ganinsa a allon malaman da suka daɗe suna aiki.

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Duk na karanta. Ban ƙi tsinke ba, da tsakuwa da marfin kwalba muka koyar kafin a haifi yawancinku. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari yaro ya iya labarin dami da ɗauri amma a ɗakin jarrabawa ya tsaya yana zana tsintsiya. Jarrabawar shiga sakandare lokaci take ci. Wanda aka ce ya rage 51 bisa 87 zuwa mafi ƙanƙanta, dole idonsa ya faɗa masa nan take cewa 3 ta shiga duka biyun, ya rubuta 17 bisa 29 ya wuce. Wannan saurin hadda ce ke kawo shi, ba fahimta kaɗai ba. Ku matasa kun ɗauki hadda kamar abin kunya. Da ita aka riƙe izu sittin a ƙasar nan.

Malamin Lissafi, Kawo:
Baba, ba na raina hadda. Amma yaran Malama sun hardace, ta faɗa da bakinta har maƙwabta na jiyo su, kuma suka faɗi. Ni abin da nake cewa a sa dalili a gaba, hadda ta biyo baya. Darasi ɗaya ko biyu tsinken zai ci. Bayan haka a rera kullum yadda ka ce.

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Sun hardace dokar, ba su hardace jadawalin ba. Abu biyu ne, ɗana. A nan ne muka sha bamban, kuma ban sauka daga kan maganata ba.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sanusi:
Ku ba ni dama in faɗi abin da ya sa wannan darasi ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ina karantar da rabon gado ga manyan ɗalibai, kuma inda suke tuntuɓe ba a hukuncin ba ne, a lissafin ne. Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, mahaifinsa ya riga shi rasuwa. Matar tana da ɗaya bisa takwas, mahaifiya ɗaya bisa shida. Sai a nemi lambar da 8 da 6 duk suka shiga, 24 ke nan. Mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka kaso biyar za a yi. To 17 tana rabuwa da 5? Ɗalibin da ya san doka ba ya ɓata lokaci, ya ga ba ta ƙare da 5 ko sifili ba, sai ya ninka asalin, wato 24, da 5 ya koma 120. Mata 15, uwa 20, kowane namiji 34, mace 17. In dukiyar naira 360,000 ce, kowane kaso 3,000 ne, macen ta tashi da 51,000. Wanda bai iya wannan ba, zai iya cin haƙƙin marainiya ba da niyya ba.

Kuma ba yau aka fara haɗa biyun ba. Al-Khawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, wani babban yanki na littafinsa na aljabara a kan wasiyya da gado yake. Don haka in yaron aji biyar ya tambayi Malama ina amfanin abin, akwai amsa.

Mai Shago, Kasuwar Barci:
Ni ma ga nawa amfanin, na kasuwa. Maigidana da ya koya mini rubuta ciniki ya ce in lissafin littafi da kuɗin aljihun tebur suka saɓa, in fara duba bambancin. In bambancin ya rabu da 9, akwai yiwuwar an juya lamba ne wajen rubutu, an sa 4,500 a madadin 5,400. Bambancin 900. Ko 27 a madadin 72, bambancin 45. Shekara da shekaru ina amfani da shi ban san dalili ba, sai yau da na karanta bayanin tsinke: lambobin ba su canza ba, wurin zamansu ne ya canza, don haka ragowarsu ɗaya ce.

Ɗalibin Koyon Malanta:
Alhaji, haka ne. Da dokar 9 ake duba ninkawa ma. 47 sau 26 ya ba da 1,222. Haɗa 4 da 7, 11, sake haɗawa, 2. Haɗa 2 da 6, 8. 2 sau 8, 16, wato 7. Amsar kuma 1 da 2 da 2 da 2, 7. Sun dace. Sai dai a gargaɗi yara, in da an rubuta 2,122 ma 7 za ta bayar, don haka dacewa ba ta tabbatar da amsa, rashin dacewa ne ke tabbatar da kuskure. Malam na Kawo, ta 7 da ta 11 fa? A koya musu a firamare?

Malamin Lissafi, Kawo:
Ra'ayina a'a. Dokar 7 da ke yawo ita ce a cire lambar ƙarshe, a ninka ta biyu, a ɗebe daga abin da ya rage. 861: cire 1, ninka, 2, ɗebe daga 86, 84, ta rabu. Gaskiya ce, kuma dalilinta 21, wato 3 sau 7. Kana ɗebe 21 daga 861 ne don wutsiyar ta zama sifili, 840. Amma yaro yakan manta ɗebewa ake yi ko haɗawa, biyu ake ninkawa ko uku. Gara ya yi ta gutsura: 861 cire 700 saura 161, cire 140 saura 21, shi ke nan. Ta 11 kuma a bar mana ita a sakandare. Kowa ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, a hanya zai zubar.

Malama daga Barnawa:
Wani abu kuma, a daina ba su lambobin da ba su da alaƙa da komai. Ƙananan hukumomin jihar Kaduna 23 ne, ga lambar da ta kayar da su, a ce su raba wa mutum uku su gani. Na ƙasa baki ɗaya 774, a haɗa 18, ta rabu da 9. Shekarar 1914 da aka haɗe Arewa da Kudu, cika ce kuma jimlarta 15, don haka 6 ta shiga. 1960 ta rabu da 8 saboda 960. 1976, shekarar da jihar ta ɗauki sunan Kaduna, ita ma ta rabu da 8. 1987 da aka cire Katsina kuwa ba 2, ba 3, ba 5. Suna lissafi suna jin tarihi.

Maman 'Yan Biyu:
Na karanta wa yarana bayanin jiya da daddare. Ɗayar ta ce ai sunan lambar ma ya faɗi dokar: in tara ce, tara su. Na ga ya dace in kawo muku.

Malamar Aji Biyar, Rigasa:
Hajiya, ki gode mata, yau da shi muka buɗe darasi. Bari in ba ku labarin mako. Litinin suka zo da ɗauri har ya yi yawa. Talata muka kwance dami a gaban aji, yara uku suka raba, tsinke ɗaya ya rage, na ɗaga shi sama na ce kowa ya kalle shi. Laraba muka yi 527 tsakanin mutum tara, wani yaro daga bayan aji ya ce ba za ta rabu ba kuma saura 5 za a samu, tun kafin a taɓa tsinke. Ban koya musu cewa dokar tana faɗin ragowa ba. Jiya na maimaita gwajin da sababbin lambobi. Waɗanda suka ce 43 tana rabuwa da 3 ba su kai goma ba. Amma Baba, gaskiyarka ta fito a wani wuri: da yawa sun haɗa 8 da 7 na 87 sun samu 15, sannan suka tsaya suna ƙirga yatsu don su san ko 15 tana cikin gidan 3. Waɗannan jadawali ne ya yi musu ƙaranci. Na sa minti goman safe.

Abin da ya dawo da ni yau wata yarinya ce, ba ta cika magana ba. Bayan an tashi ta zo ta ce, Malama, tunda 99 ita ce 9 sau 11, ashe in mutum goma sha ɗaya suka raba dami ma ɗaya zai rage? Na ce haka ne. Ta ce to ɗaurin fa, ai goma ba ta kai sha ɗaya ba. Ban san yadda zan ƙarasa mata ba, na ce sai Litinin.

Malamin Lissafi, Kawo:
Malama, wannan yarinyar ki riƙe ta da kyau. Na ce a bar 11 sai sakandare, amma wadda ta ƙwanƙwasa ƙofa da kanta a buɗe mata. Kada ki ba ta dokar haɗa-ɗebe da ke littafi tukuna, ki bi hanyar da ta kamo. Ki ce ta ƙyale ɗaurin, ta haɗa su da tsinken da ke warwatse, ta ƙirga dami kawai. 1914 dami 19 ne da tsinke 14. Kowane dami ya bar ɗaya, 19 ke nan, a haɗa da 14, 33. Ta rabu da 11, kuma 11 sau 174 ita ce 1914. Wato ta yanka lambar biyu-biyu daga dama ta haɗa. Ki ba ta 2,728 ta gwada da kanta, kada ki gaya mata amsa.

Malamar Aji Biyar, Rigasa:
Na rubuta su a bayan rajista. Litinin in Allah ya kai mu zan ba ta.

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Allah ya yi mata albarka. 'Yata, minti goman nan kada ki tsaya a 10, ki kai su har 12, kuma ranar Juma'a a rera daga ƙasa zuwa sama.